Kwastoma ya biya, to wane asusu manhajar taka ta jefa kuɗin?

Yawancin masu kasuwanci in za su zaɓi manhajar yanka inbois, wato takardar da ake ba kwastoma ta kuɗin da zai biya, abu biyu kawai suke tambaya, nawa ne kuɗinta a wata, sannan tana buɗewa a waya ko sai da kwamfuta. Ba laifi bane tambayar, amma abin da yake jiƙa wa mutum aiki bayan wata shida ba ko ɗaya daga cikinsu bane. Matsalar tana wajen da yaron shago ko kashiya ya danna cewa kwastoma ya biya, ina kuɗin nan yake faɗawa a cikin babban littafin lissafi, janar leja kenan da akantoci suke cewa, kuma waye ya yanke hukuncin inda zai faɗa ɗin, kashiyan ne da yatsansa a lokacin, ko kuwa tsarin da aka saita tun farko ne yake kai shi. QuickBooks Online, Xero, Zoho Books, Odoo da ERPNext duk inbois ɗinsu kusan kala ɗaya ne, tambari a sama, jimla a ƙasa, amma a wannan wajen kowa da halinsa.

Ɓangaren inbois kam babu rigima. Ka sayar da kayan naira 100,000, ka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 da ake karɓa a Najeriya tun Fabrairun 2020, manhaja za ta rubuta 107,500 a asusun bashin da kake bin kwastomomi, 100,000 a asusun ciniki, 7,500 a asusun harajin da ka riƙe wa gwamnati. Duka biyar ɗin haka suke yi. Ranar biya ma ƙafa ɗaya ta lissafin a fili take, bashin kwastoma ya ragu, kiredit kenan. Ɗaya ƙafar, debit ɗin, ita ce abin magana, kuma hanya biyu ce kawai. Ko dai a rubuta kuɗin kai tsaye a asusun banki na cikin leja, ko kuma a fara ajiye shi a wani asusun jira har sai an ga shigarsa a sitetmen ɗin banki da ido sannan a matsar da shi. Kamar zaure ne, baƙo yana zama a nan har maigida ya fito ya gane shi kafin a ce masa shigo.

Kai tsaye ɗin ya fi daɗi ba sai an faɗa ba, dannawa ɗaya ka gama. Kuma in kasuwancinka irin wanda kwastoma yake turo taransifa ne daidai kuɗin inbois, mutum ɗaya alat ɗaya, to wallahi ba ka buƙatar wani asusun jira, ƙarin aiki ne kawai. Layi ɗaya a manhaja, layi ɗaya a sitetmen, sun haɗu shikenan.

Inda yake watsewa shine inda abin da ya shiga banki bai yi kama da abin da aka biya ba, kuma a Najeriya wannan ba lokaci lokaci bane, kullum ne. Ɗauki Paystack, kamfanin da yake karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi ta intanet. Cajinsu na biyan cikin gida kashi 1.5 ne da ƙarin naira 100, ana yafe ɗarin in kuɗin bai kai 2,500 ba, kuma cajin baya wuce 2,000 komai yawan kuɗin, sannan sai ranar aiki ta gaba suke turo maka a dunƙule. A ce yau mutum uku sun biya ka, ɗaya 50,000 ɗaya 20,000 ɗaya 200,000. Na farko an cire 850, na biyu 400, na uku da ya kamata ya kai 3,100 an tsaya a 2,000. Gobe abin da za ka gani a akawun layi ɗaya ne tak, 266,750. Manhajarka kuma in kai tsaye ka saita ta, tana nuna layi uku jiya a banki, jimlarsu 270,000, kuɗin da a jiyan ko sisi babu shi a akawun ɗin, kuma ko yau ɗin ma ba haka ya zo ba. Yanzu ka ninka wannan da kwana talatin, ka ƙara da tsabar kuɗin da ake tarawa a durowa sai yamma ko washegari a kai banki bayan an ciri kuɗin man janareto a ciki, ka ƙara da POS ɗin bankuna da suke haɗa cinikin rana su turo gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama da sitetmen da biro ƙarshen wata yana neman bambanci irin wannan na naira 3,250 ya san me nake nufi.

Ga kuma alat na bogi. Mutum ya nuna hoton rasit a waya, kashiya ya danna an biya, in kai tsaye ne to balas ɗin bankinka na cikin manhaja ya fara ƙarya daga wannan minti, kuma ƙaryar ta gauraya da ɗaruruwan layukan gaskiya. In asusun jira ne kuwa, wannan kuɗin zai zauna shi kaɗai a can kwana biyu kwana uku babu abin da ya zo ya ɗauke shi, kana buɗewa za ka gan shi da sunan kwastoman da ranar. Ni a wajena wannan kaɗai ya isa dalili.

To bari mu bi su.

QuickBooks Online na kamfanin Intuit na Amurka shi ne wanda akantoci da yawa suka fara koyo, kuma asusun jiransa tun tsohon QuickBooks da ake sakawa a kwamfuta sunansa Undeposited Funds, wasu za su ga an rubuta musu Payments to deposit, abu ɗaya ne. Yana cikin kadarorin kusa, wato kuɗi da abin da zai zama kuɗi nan kusa, a takardar balas mai nuna abin da ka mallaka da abin da ake bin ka. In ka zo karɓar biya akwai akwati biyu da suke ruɗa mutane, ɗaya na hanyar biya, kaash ko cek ko kati, ɗaya kuma Deposit to. Na farkon lakabi ne kawai, ba ya kai kuɗi ko'ina. Kana iya zaɓar kaash a can kuma ka zaɓi akawun ɗin bankinka a nan, manhajar ba za ta ce maka uffan ba. Ma'ana hukuncin asusu yana hannun wanda yake kan kibod, duk biya sai ya zaɓa, in kuma gaggawa ta sa bai duba ba to duk abin da ya tarar a akwatin shi ke nan. In kai kaɗai kake shigar da lissafinka wannan sauƙi ne, in kana da kashiya uku a shago biyu kuma ɗaya sabon ɗauka ne, tsakani da Allah ƙofa ce a buɗe.

Abin da QuickBooks ya iya sosai shine shafin Bank Deposit. Duk biyan da suke zaune a asusun jira za su jero maka, ka yi wa ukun nan na jiya alama, sannan a ƙasa ka ƙara layi ɗaya mai alamar ragi, 3,250, ka kai shi asusun cajin banki, jimla ta dawo 266,750 daidai da sitetmen. Tsaf. Amma akwai ramin da mutane suke faɗawa ba adadi, kuma duk mai gyara littafin wasu ya san shi. An karɓi biya an kai Undeposited Funds, ba a yi Bank Deposit ɗin ba, sai sitetmen ya shigo da 266,750, mai shigarwa ya ga kuɗi ya shigo sai ya danna ƙara ya ce ciniki ne. Yanzu cinikin ya shiga sau biyu, ɗaya ta inbois ɗaya ta banki, asusun jira kuma yana ta kumbura wata bayan wata babu mai kallonsa, har sai ƙarshen shekara an ga ribar da ba a san inda ta fito ba da miliyoyin da wai suna hanyar zuwa banki tun Maris. Kuma asusun jiran na asali guda ɗaya ne, kaash da POS da Paystack duk a tukunya ɗaya, sai dai in kai da kanka ka ƙirƙiri wasu na daban ka koya wa yaranka wanne za su zaɓa.

Xero, ɗan ƙasar Niyu Zilan, shi tunaninsa daban ne, daga banki yake farawa. Bai zo da asusun jira irin na QuickBooks ba, in ka biya inbois akwai akwatin Paid to ka zaɓi banki, ko ma ka bari sai layin sitetmen ya shigo ka haɗa shi da inbois ɗin a wajen daidaita littafinka da sitetmen, kuma a nan ɗin akwai wajen ƙara cajin banki in an ɗan gutsuri kuɗin. In kana son asusun jira kai za ka buɗe a jadawalin asusai ka yi alama a Enable payments to this account, sai ya fara fitowa cikin zaɓi. Yana da kyau ƙwarai ga wanda sitetmen ɗinsa yake shigowa da kansa kowace safiya. Mu nan da sau da yawa sai ka sauke fayil daga manhajar banki ka gyara layukansa ka loda da hannu, rabin daɗin ya tafi. Ba zan daɗe a kansa ba.

Zoho Books na Indiya yana tsakiya. Shi ma yana da Deposit To da mutum yake zaɓa, da Undeposited Funds da Petty Cash tun daga farko, to a wannan fannin ɗan uwan QuickBooks ne, hukunci a hannun kashiya. Amma ya fi shi abu biyu da suke da amfani a wajenmu. A shafin karɓar biya ɗin kansa akwai gurbin cajin banki, ka rubuta 850 a nan take, inbois ɗin 50,000 ya rufe gaba ɗaya, 49,150 ya tafi inda ka ce, 850 ya tafi asusun caji, ba sai ka je wani shafi ba. Sannan akwai wajen nuna cewa kwastoma ya cire haraji kafin ya biya, wanda zan dawo kansa. Yana kuma da nau'in asusu na musamman mai suna Payment Clearing saboda masu karɓar kuɗi ta intanet, kowane kamfanin biya da nasa, ba a tara su waje ɗaya ba.

Odoo na Beljiyam da ERPNext na kamfanin Frappe a Indiya su ne ɗaya ɓangaren, inda ba a tambayar kashiya asusu kwata kwata. A ERPNext kowace hanyar biya, Mode of Payment suke ce mata, ana ɗaura mata asusunta tun a saiti, kamfani da kamfani. Ka buɗe ɗaya ka sa mata suna POS shagon Sabon Gari ka ɗaura ta a asusun jiran wannan na'urar, ka buɗe wata kaash durowa ta biyu, wata Paystack. Kashiya abin da ya sani kawai yake zaɓa, ta ina mutumin nan ya biya, asusun kuma ya cika kansa. Kaga bambanci, tambayar da ake yi wa yaro mai sakandare tambaya ce da zai iya amsawa ba tare da ya san debit da kiredit ba.

Odoo ya ƙara zurfi. Kowane akawun na banki ko durowar kaash yana da littafinsa, jonal, a cikin jonal ɗin kuma akwai hanyoyin karɓa da na fitarwa, kowace hanya ana iya ba ta asusun jiranta. Tun daga fitowa ta 14 ta manhajar suka kawo Outstanding Receipts na kuɗin da aka ce an biya ka da Outstanding Payments na wanda ka ce ka biya. A Odoo na kuɗi, kana danna biya, inbois ba ya cewa an biya, sai ya ce In Payment, wato magana tana hanya, sai ranar da layin sitetmen ya zo aka haɗa su sannan ya koma Paid. Ga mai fama da alat na bogi babu abin da ya kai wannan, domin ko mai sayarwa da bai san lissafi ba yana kallon inbois ɗin zai gane ba a tabbatar ba tukuna, kar ya saki kaya na biyu. Akwai kuma wani asusun daban, Bank Suspense, na kishiyar matsalar, kuɗin da ya shigo banki amma ba a san na waye ba, irin taransifar da za ka ga sunan wata Hajiya alhali kwastomanka namiji ne ya tura da akawun ɗin matarsa. Nan zai zauna har a gano mai shi, bai shiga ciniki ba bai rage bashin kowa ba. Abin lura ɗaya, a fitowa ta 18 sun sauya hali, in ba ka saita asusun jira a hanyar biyan ba to danna biya ba ya rubuta komai a leja sai sitetmen ya zo, don haka wanda ya saba da 16 ko 17 ya duba saitinsa da kyau kafin ya ɗauka komai yana nan yadda ya bari.

Farashin wannan tsari ba kuɗin wata bane kawai, saiti ne. Odoo da ERPNext ba abin da za ka buɗe da daddare ka fara yanka inbois da safe bane, sai an zauna an zana jonal nawa, hanya nawa, asusu nawa, kuma in wanda ya saita maka ya ɗaura hanya a asusun da ba nata ba to kuskuren zai maimaita kansa sau dubu cikin natsuwa babu wanda zai lura, tunda ai babu mai zaɓa balle ya yi shakka. ERPNext kyauta ne in kana da saba, wato babbar kwamfutar da za ka ɗora shi, da wanda zai kula da ita. Odoo yana da na kyauta shi ma, amma cikakken ɓangaren lissafi da shafin daidaita banki yana cikin na kuɗi. Mai shago ɗaya da yake karɓar taransifa goma a rana, gaskiya wannan ya yi masa yawa.

Yanzu kafin alƙalami, wanda a ganina nan aka fi yin ɓarna kuma nan manhajojin suka fi rabuwa. Mai ɗakin taron biki ya karɓi 300,000 a Disamba na bikin da za a yi a Janairu, da kuma 100,000 kuɗin kwashan da zai mayar in ba a fasa masa kujeru ba. A bakin kasuwa cewa ake an yi ciniki. A lissafi ko kusa, dukkansu bashi ne a kansa. Na farkon bashin aiki ne, ƙa'idar lissafi ta duniya IFRS 15 da ta fara aiki a Janairun 2018 ta ce ba ka kiran kuɗi ciniki sai ka sauke abin da ka yi alkawari, kafin nan nauyi ne a wuyanka. Na biyun ma ba zai taɓa zama ciniki ba sai in an yi ɓarnar. In aka jefa 400,000 ɗin nan a ciniki a Disamba, ribar shekarar da ta ƙare ta kumbura da kuɗin da ba nata ba, ta sabuwar shekara ta rame, in kuma aka fasa auren, Allah ya kiyaye, aka zo karɓar kuɗi, sai ka ga ciniki da alamar ragi a watan da ba a yi komai ba. Tela mai karɓar adibas kafin sallah, makaranta mai karɓar kuɗin zango kafin a koma, mai kawo kaya daga Caina da yake karɓar rabi kafin kwantena ta taso, duk layi ɗaya suke.

A nan Zoho Books ya fi kowa sauƙi ba tare da saiti ba. Adibas ɗin kwastoma, da abin da suke kira Retainer Invoice, da rarar kuɗi in mutum ya biya fiye da inbois, duk suna tafiya Unearned Revenue, asusun nauyi ne, ranar da ka yanka inbois na gaske ka ɗora kuɗin a kai sai ya fita daga can ya rage bashin. Ba sai ka san komai ba ya yi maka daidai. Abin da ya rage maka shine kuɗin kwashan, shi ya kamata ka buɗe masa asusun nauyi nasa daban, domin haɗa shi da adibas yana ɓoye maka nawa ne za ka mayar da hannu.

QuickBooks Online kuma in ka karɓi biya babu inbois, kuɗin zai zauna a matsayin rara a asusun bashin kwastoma, wato bashin da kake bi ya koma ƙasa da sifili a sunan mutumin. Zai yi aiki in kwana biyu ne, amma a takardar balas yana rage jimlar bashin da kake bin wasu, sai ka ga kamar mutane sun biya ka alhali wani ne ya ba ka ajiya. In kuma rahotonka a tsarin kuɗi a hannu kake fitarwa, wato wanda yake ƙirga kuɗi ranar da ya shigo ba ranar inbois ba, zai bayyana a wani layi mai suna Unapplied Cash Payment Income a cikin kuɗin shiga, mutane da yawa sun sha tambayar daga ina wannan ya fito. Hanyar da akantoci suke bi ita ce ka buɗe asusun nauyi na kafin alƙalami, ka ƙirƙiri wani kaya na jabu a jerin kayanka mai suna adibas ka ɗaura shi a wannan asusun maimakon ciniki, ka yanka rasit da shi, ranar inbois na ƙarshe ka sake saka shi da alamar ragi. Yana aiki sarai, sai dai dabara ce da sai an koya wa mutum, kuma sai an tuna an cire masa VAT in kuɗin kwashan ne.

Xero ya raba su biyu, Prepayment wanda kai kake zaɓar asusun da zai je, da Overpayment wanda yake zama a bashin kwastoma. Odoo yana ba ka damar yanka inbois na adibas daga odar sayarwa, kashi kaza ko kuɗi kaza, kuma yana cire shi da kansa a inbois na ƙarshe, amma asusun da zai faɗa sai ka saita, in ka bar shi haka to asusun ciniki zai tafi, abin da muke gudu kenan. ERPNext a da a bashin kwastoma yake ajiye adibas, daga fitowa ta 15 suka ƙara zaɓi a saitin kamfani na ajiye shi a asusun nauyi daban, sai ka kunna da kanka.

Sai harajin da ake cirewa tun daga tushe, wanda duk mai yi wa kamfani ko ma'aikata aiki ya sani. Ka yi aikin ba da shawara na miliyan ɗaya, da VAT ya zama 1,075,000, suka cire kashi 5 na miliyan ɗin suka turo 1,025,000. Wannan 50,000 ɗin ba caji bane ba kuma ragi bane, kuɗinka ne da aka biya gwamnati da sunanka, za ka rage shi daga harajin shekara, to wajensa asusun kadara ne nasa na kansa. Zoho yana tambayarka a shafin biya. Odoo da ERPNext suna da wajen kai bambancin wani asusu a lokacin biyan, ka zaɓi na harajin. A QuickBooks da Xero yawanci sai an zagaya, ta takardar rage bashi ko shigarwar jonal. In ba a yi ko ɗaya ba, inbois zai zauna da saura 50,000 shekara da shekaru kana ganin kamar ana riƙe maka kuɗi.

'Yan uwa na Nijar da Cadi da Kamaru ku naku da ɗan sauƙi ta wani gefen, domin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ta haɗa dokokin kasuwancinsu, jadawalin asusai ɗaya suke bi, SYSCOHADA, wanda aka sabunta ya fara aiki a 2018, kuma lambobin sun riga sun amsa rabin tambayoyin nan. Kwastoma 411, adibas ɗin da aka karɓa 4191, ajiyar jingina da aka karɓa 165, banki 521, durowar kaash 571, cek da bai faɗa ba tukuna 513, biyan kati da ake jira 515, kuɗin da yake hanya tsakanin durowa da banki 585, kuɗin waya da danginsa kuma suna rukunin 55. Ba kai za ka ƙirƙiri asusun jira ba, yana nan da lambarsa, tambayar kawai ita ce manhajar ta zo da jadawalin ko sai ka shigar da hannu. Odoo yana da shi a shirye. A QuickBooks ko Xero ko Zoho sai ka zauna ka gina shi layi layi, kuma wasu asusan da manhajar ta kafa wa kanta ba sa goguwa, sai dai ka sauya musu suna da lamba.

To wanne za ka ɗauka. Ni ba da sunan manhaja nake farawa ba, sitetmen ɗin watan jiya nake cewa a ɗauko. In yawancin layukan shiga kana iya kallon kowanne ka ce wannan na wane ne, inbois kaza, to kai tsaye ya ishe ka, Zoho Books ko QuickBooks ko Xero duk za su yi, kuma in kana yawan karɓar adibas ko ana cire maka haraji Zoho zai fi rage maka zagaye. Masu POS irin na Moniepoint ko OPay da kuɗin yake faɗawa akawun ɗinsu nan take, ku ɗauki wannan akawun ɗin a matsayin banki mai zaman kansa a leja, ranar da kuka kwashe zuwa babban banki taransifa ce tsakanin asusu biyu, ba sabon ciniki ba, a nan ma ana yawan ninka kuɗi. In kuma layukan dunƙule ne, Paystack da POS ɗin banki da kaash ɗin yamma, to asusun jira dole ne, kuma kowace hanya da nata, kar a haɗa, domin in an haɗa ranar da ya ƙi komawa sifili ba za ka san wace hanya ce take yoyo ba. In kai ko akantanka ne kaɗai kuke shigarwa, QuickBooks da shafinsa na Bank Deposit ya wadatar. Da zarar masu karɓar kuɗi sun kai uku huɗu, ko reshe ya zama biyu, to ka fara duba Odoo ko ERPNext, ka biya wanda ya iya ya saita maka sau ɗaya.

Kafin ka biya kuɗin shekara, dukkansu akwai yadda za ka gwada su tukuna, to kar ka ɓata gwajin wajen kallon kalar inbois. Ka shigar da abu huɗu, biyan mutum uku da suka zo a dunƙule an cire caji, adibas ɗaya babu inbois, biya ɗaya da aka cire haraji, da taransifa ɗaya da ba a san mai ita ba. Bayan kowanne ka buɗe jonal ɗin da manhajar ta rubuta a baya ka karanta asusun da ta taɓa, a QuickBooks Transaction journal ne, a Zoho yana ƙasan shafin biyan, a ERPNext ka danna Accounting Ledger. Sannan ka miƙa wa kashiyanka wayar ko kwamfutar ya maimaita huɗun nan shi kaɗai ba ka tsaye a kansa, ka sake buɗe jonal ɗin ka gwada da naka.